Ranar da Muryar Kawu ta Sallama Bijimi Ɗaya Sau Biyu

Akwai ranar da kai kake riƙe ta a rai, akwai kuma wadda ita ce take riƙe ka ta ƙi saki. Tawa irin ta biyun ce. Juma'ar ƙarshe ce ta wani watan azumi, ina ajin ƙarshe a jami'a a nan Wudil, kuma har gobe in na ji an ce "na sallama" sai gabana ya ɗan faɗi, ko da cinikin tumatir ake yi a gefen titi. Ba na jin zan manta da ranar nan muddin ina numfashi.

A hannun kawuna na tashi, yayan mahaifiyata, a Indabo. Manomi ne, ran Juma'a kuma dillalin shanu ne a Kara, kasuwar dabbobi ta Wudil. Kowa ya san dillalai da zuba kamar kanya, to shi Kawu Allah bai ba shi wannan ba. Sai ya wuni a kasuwa ba ka ji doguwar magana a bakinsa ba. Ba shi da garke, ba shi da jari. Abin da yake da shi kawai, in ya ce "na sallama" ciniki ya faɗa, ko wani ya biyo baya da ninkin kuɗin ba zai waiwaye shi ba. Shi ya sa mahauta daga birni suke aiko mota ba tare da sun ga dabba ba. Dukiyarsa ta ido kuwa shanun huɗa ne guda biyu, fari da ja, waɗanda ya horar da hannunsa tun suna maruƙa. Farin nan ko igiya ba ya buƙata, in Kawu ya yi gaba sai ya bi shi. Inna, matar Kawu, takan ce da sa yana cin tuwo, da a kwano ɗaya za su riƙa ci.

A makaranta ina da aboki Bazazzagi, tare muke karatun kwamfuta. Kullum cikin tsiya muke, ni in ce masa bawana, shi ya ce Bakano ko a sahun salla lissafin riba yake. Ni na fi ƙarfi a aikin saba, wato kwamfutar nan da ke can nesa tana ajiye bayanai tana yanke hukunci. Shi kuma gwanin abin da ido ke gani ne a waya: maɓalli ya motsa, hoto ya zame, shafi ya amsa maka ba tare da ya sake lodi ba. Da wani laburaren JavaScript yake wannan aiki, tarin kod ne da wasu suka riga suka rubuta, kai dai ka ɗauko ka jona da naka. Yana ji da laburaren nan kamar shi ya haife shi.

Wata Juma'a na kai shi Kara don ya ga yadda manya ke kasuwa. Muka tarar da Kawu da waya a kunne, yana fama da wani mai saye da ke tambayar tsayin ƙaho da girman tozo, shi kuwa amsarsa ba ta wuce "yana da kyau" ba. A hanyar komawa Bazazzagi ya ce me zai hana mu yi wa tsohon nan shafi a intanet. Masu shanu da yawa tun Alhamis suke isowa. A ɗauki hoton dabba, a yanke farashi da mai ita, a ɗora. Wanda ya gani ya so, ya danna, ta zama tasa, ran Juma'a ya zo ya biya ya ɗora a mota. Ban bari ya rufe baki ba na ce na yarda.

Muka raba aikin, kowa ya ja nasa gefe. Ni na rubuta na saba: ita ke riƙe da sunan kowace dabba, wanda ya fara dannawa ta rubuta masa, wanda ya zo daga baya ta aika masa shafi mai cewa "Yi haƙuri, an riga ka." Na gwada har na gaji, bai taɓa kuskure ba. Da Bazazzagi ya ga shafukana sai ya kwashe da dariya, ya ce kamar katin asibiti, kuma kowace dannawa sai shafi ya sake lodi tun daga sama, da sabis irin na ƙauye mutum sai ya yi barci ya farka. Ya ɗora laburarensa a kai. Yanzu in ka danna, saƙo zai tafi saba a ɓoye, shafi yana nan inda yake, da amsa ta dawo sai alama koriya ta fito. Shi ma ya gwada nasa har ya gaji. Wata la'asar muka jona su, kowa ya sayi saniyar ƙarya guda, muka ga kore, muka tafa, muka tafi cin gurasa.

Matsalar farko daga mutane ta zo. Wani mahauci ya ce wa Kawu, "Ni ban san kore ba, bakin dillali na sani." Nan Bazazzagi ya kawo dabarar da a lokacin muka ɗauka ta fi kowace: a naɗi muryar Kawu, duk wanda ciniki ya faɗa masa ya ji ta a wayarsa. Muka je Indabo muka same shi a turke yana ba shanunsa dusa da kanwa.

"Ni in yi wa waya sallama?" ya ce. "Me ta saya?"

"Kawu, faɗa kawai za ka yi, yadda kake faɗa a kasuwa."

Ya daɗe yana kallon wayar kamar za ta cije shi, Inna tana leƙowa ta zana tana dariya. Daga ƙarshe ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "Na sallama. Allah ya sa albarka." Daidai lokacin farin sa ya yi wani ɗan kuka a bayansa, ya shiga cikin naɗin. Na ce a sake, Bazazzagi ya ce a bar shi, ya fi kama da gaske. Wannan magana kaɗai muka ɗauka. Babu wanda ya kawo a ransa cewa akwai ranar da za a buƙaci wata, har shi Kawun.

Abu ya karɓu. Masu saye suka fara yawa, kiran waya ya ragu wa Kawu, ni kuwa kaina ya fara girma. Har na soma tafiya a Kara da jakar laftof a kafaɗa ko ba abin da zan yi da ita.

Sai azumi ya zo a tsakiyar bazara, irin zafin da ko inuwa ba ta da daɗi. Alhamis ɗin ƙarshe kafin Salla wani Bafulatani daga wajen Lajawa ya kawo wa Kawu wani farin bijimi, ƙato, mai tozo kamar an ɗora masa tulu. Muka ɗora hotonsa. Da safiyar Juma'a na duba saba na ga wani Alhaji, babban mahauci a birni kuma tsohon abokin cinikin Kawu, ya riga ya ɗauke shi. Na ce madalla, na koma na kwanta a kan siminti ina jiran rana ta yi sauƙi.

Lambata ce a shafin don masu tambaya. Hantsi ya ɗaga sai waya ta yi ƙara. Muryar dattijo ce, mai natsuwa. Muka gaisa, ya tambayi ibada, ya tambayi zafi, ya tambayi karatu, sannan ya ce shi hedimasta ne na wata firamare a wajen Gaya. Malamansa da maƙwabta sun yi karo-karo tun farkon azumi don watanda, su sayi sa guda a yanka ran jajibiri a raba gida-gida, shi suka damƙa wa amanar.

"Mun taso da akori-kura," ya ce. "A wane gefen Kara za mu sami Baba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace dabba ke nan?"

"Farin bijimin nan mana. Ai Baba da bakinsa ya sallama mana ɗazu. Na ma sake kunna wa malamai, kowa ya ji."

Na tashi zaune ban san na tashi ba. Na ce masa ina zuwa, na buɗe laftof. Sabis ya zaɓi wannan lokacin ya yi nauyi, abin nan yana ta juyawa, ni ina zagaya ɗaki, in leƙa in dawo. Da ya buɗe na ga abin da nake tsoro. Bijimi na Alhaji ne. Hedimasta ya danna daga baya, kuma saba ta ƙi shi, ga shi nan a rubuce. To wa ya sallama masa?

Ko takalmi ban saka daidai ba na ruga ɗakin Bazazzagi. Na tashe shi da duka a ƙafa.

"Laburarenka ya kashe mu!"

"Kai Bakano, lafiya? Kod ɗina ƙalau yake, je ka duba sabarka."

"Sabata ta ce a'a! Ga shi nan!"

"To in ta ce a'a me ya sa ta gaya wa waya lafiya lau?"

Muka yi ta yi, azumi a baki, kowa yana nuna allon kwamfutarsa da yatsa, har maƙwabtan ɗaki suka fara leƙowa. Abin haushi, kowa a cikinmu yana da gaskiya. Sai da muka zauna a katifa ɗaya muka danna dabbar da aka riga aka saya, abin da ba mu taɓa yi ba tun da muka jona aikin, sannan muka ga ramin. Manhajar da na gina sabata a kai ba ta san gajeriyar amsa ba. Ko "eh" za ta ce ko "a'a," shafi guda take naɗowa ta aiko, da tambarin cewa saƙo ya iso lafiya. Laburaren Bazazzagi kuma ba ya buɗe shafin ya karanta, tambarin kawai yake dubawa. Ya ga lafiya, ya kunna kore, ya saki muryar Kawu. "Yi haƙuri, an riga ka" tana nan kwance a ciki, babu wanda ya gan ta. A Kara dillali ba ya sallamawa sai ya waiwayi mai dabba. Namu dillalin ya waiwaya, ya ga bakin mai dabba ya motsa, bai tsaya jin me ya ce ba.

Saura tambaya ɗaya: yaya Hedimasta ya ga hoton bayan an sayar? Ita ma amsar a hannunmu take. Tun yammacin Alhamis ya buɗe shafin ya bar shi a buɗe yana shawara da mutanensa, shafin kuma ba ya sake lodi, abin da muke taƙama da shi ke nan. Bijimi ya tafi tun safe, amma a wayarsa yana nan tsaye yana jiran mai saye.

Na kira Kawu, tana shiga ba a ɗauka. Na san tana can ƙasan aljihu, hayaniyar kasuwa ta danne ta. Na sake kira, na sake. Na kira Hedimasta na ce masa an sami 'yar matsala, ko za su dakata. Ya ce, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, "Ɗana, ai ba da kai na yi ciniki ba. In mun iso ma yi magana da Baba."

Muka fito da gudu muka tari adaidaita. Wanda ya san Wudil ran Juma'a ya san gada, balle Juma'ar ƙarshe kafin Salla. Tireloli sun yi layi, motocin awaki, masu kifi, masu tukwane, kowa yana danna oda kamar ita za ta buɗe hanya. Na zauna, na miƙe, kaina ya bugi rufin keke, na sake zama. Ina kallon kowace akori-kura ina cewa ko ita ce. Direba ya ce, "Malam, in sauri kake ƙafarka ta fi ni." Muka sauka muka kama gudu a gefen gada, kogi yana ta ƙyalli a ƙasa, maƙogwarona kamar an zuba masa toka. Bazazzagi yana bayana yana haki yana cewa in tsaya, ban ko waiwaya ba.

Mun sami Kawu a inda ya saba tsayawa, yaran Alhaji har sun sa wa bijimin igiya. Na ja shi gefe na faɗa masa a kunne, ina haɗa magana da numfashi, saba, laburare, tambari, duk na zube masa. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Muryata ya ji?"

"Eh, amma Kawu ba kai ba ne, na'ura ce ta..."

"Muryar wa ya ji?"

"Taka," na ce.

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya je wajen Alhaji ya roƙe shi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ko zai haƙura ya bar wa malaman makaranta. Alhaji ya riƙe hannunsa ya ce, "Mutumina, wallahi na riga na yi wa mutane alkawarin naman Salla a kansa. Kuma kai ka koya mana sallama ba ta tashi." Gaskiya ya faɗa, Kawu ya gyaɗa kai. Daga nan muka shiga zagayen kasuwa neman irinsa. Muka kutsa tsakanin ƙahoni, muka taka kashin shanu, rana tana dukan ƙeya. Duk bijimin da ya kai wannan girma ko an ɗora shi a tirelar Kudu, ko farashinsa ya yi tashin da kuɗin malaman firamare ba zai kamo ba. Kawu ba shi da abin cikawa, ni kuwa ko na adaidaitar komawa sai Bazazzagi. Duk inda muka tsaya sai in ji kamar in ci gaba, in muka ci gaba kuma in ji kamar mun baro shi a baya.

Muna dawowa muka tarar Hedimasta ya iso da malamai biyu. Dogo ne, siriri, rigarsa ta sha guga. Ya durƙusa ya gai da Kawu, ya ji bayani, bai ɗaga murya ba. Wayarsa kawai ya ciro ya danna. Muryar Kawu ta fito tas a tsakiyar Kara: "Na sallama. Allah ya sa albarka." Kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye mu. Na ji wani dillali, wanda ya daɗe yana jin haushin Kawu, yana cewa a bayana, "Ashe mai magana ɗaya ma yana da ta biyu, a waya yake ajiye ta." Aka yi 'yar dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na buɗe laftof a kan gwiwa ina nuna wa jama'a wanda ya riga wani, rana ta hana a ga allon, babu ma mai son gani. Hedimasta ya ce, "Baba, ni ban zo rigima ba. Amma gidaje ne suke jira, wasu rabonsu da nama tun Babbar Salla. Na ce musu an sallama, sun ji da kunnensu. Yau kasuwar ƙarshe. Me zan koma in ce?"

Wani tsohon malamin addini da ke cikin taron ya sa baki. Ya ce a shari'a ciniki a kan ciniki bai ƙullu ba, na farko shi ne ciniki, dillali ba shi da laifi tunda ba da saninsa ba ne. Mutane suka ce to shi ke nan, magana ta ƙare. Na ji wani sanyi ya ratsa ni, na ce Allah ya kawo mafita. Ana cikin haka aka kira salla, taro ya watse zuwa masallaci.

Allah ya yafe mini, ban san abin da liman ya faɗa a huɗubar ranar ba. Ina zaune ina sauya ƙafa, idona a kan ƙeyar Kawu a sahun gaba, ina neman in karanta abin da ke cikinta. Da aka sallame ya daɗe yana addu'a. Ya fito ya nemi takalmansa a natse, ya sami Hedimasta a bakin motarsu ya ce, "Malam, motar nan taku za ta iya zuwa Indabo?"

Nan take na gane farin sansa yake nufi.

A bayan akori-kurar muka zauna ni da Kawu da Bazazzagi, ƙarfe yana ƙona mu ta cikin wando. Na ce, "Kawu, damina ta kusa."

"Na sani."

"Ja ba zai ja garma shi kaɗai ba."

"Na sani."

"Tsohon malamin nan ya ce shari'a ta wanke ka. Kowa ya ji."

Ya kalli gonakin da muke wucewa, an share su ana jiran ruwa. Ya ce, "Ta wanke ni. To Juma'a mai zuwa in na ce na sallama, wani ya ce wace iri, ta gaske ko ta waya, me zan ce masa? Ɗan nan, ni ba ni da wata haja sai ita."

Na ce mu za mu yi bayani, mu za mu ɗauki laifin, a bi mutane gida-gida in ta kama. Ya ce mutanen Gaya ba bayani za su dafa ran Salla ba. Daga nan har muka isa na kasa zama wuri ɗaya, ina ta addu'ar taya ta fashe.

Inna ta ji tsayuwar mota ta fito. Ta kalli baƙi, ta kalli fuskar Kawu, ta kalli turke, sai ta juya ta koma ciki. Kawu ya kwance farin sa ya fito da shi fili. Hedimasta ya zagaya shi, ya kai hannu wuyansa, ya taɓa kantar da karkiya ta yi masa. Ya janye hannun da sauri.

"Baba, wannan ai na huɗa ne. A'a wallahi. Na yafe, mu koma, Allah ya ba mu wani."

"Ya kai wancan ko bai kai ba?"

"Ya fi shi, Baba, amma..."

"A yadda kuka gani a waya, haka za ku biya. Na sallama. Allah ya sa albarka."

Hedimasta ya kalli malamansa, suka sunkuyar da kai. Na ga yana so ya ƙi, na kuma ga gidajen da ke jiransa a fuskarsa. Ban taɓa riƙe shi a rai ba.

Ɗora san a mota shi ne abin da ya fi tsaya mini. Aka jingina bayan motar da wani tudu, direba da malamai suka ja, suka tura, sa ya kafe ƙafafu ya ƙi. Bai saba da ja ba, bai saba da baƙin hannu ba. Aka ɗaga sanda, Kawu ya ce kar wanda ya taɓa shi. Ya tattare rigarsa ya hau bayan motar da kansa, ya yi gaba, bai ko kira shi ba. Farin sa ya ɗaga kai ya bi shi, kamar yadda yake bin sa gona kullum. Kawu ya ɗaure igiyar, ya shafa goshinsa, ya dira ta gefe. Motar ta tashi. Jan sa ya fara kuka a turke, bai daina ba har aka sha ruwa. Bazazzagi, wanda bakinsa ba ya mutuwa, yana tsaye jikin katanga hawaye yana bin fuskarsa. Ranar ban ce masa bawana ba.

Gyaran kuwa, abin da ya fi ba ni takaici ke nan, bai ɗauke mu komai ba. Washegari muka zauna a tebur ɗaya, abin da ya kamata mu yi tun farko. Na koya wa saba ta riƙa ba laburare gajeriyar amsa, eh ko a'a, a fili. Shi ya koya wa laburare ya karanta amsar kafin ya buɗe baki, ya kuma riƙa leƙa saba yana sauke hoton duk dabbar da ta tafi. Kafin azahar mun gama. Na je na ce wa Kawu za mu cire muryarsa gaba ɗaya, mun ja masa abin da ya isa. Ya ce, "A'a, ku bar ta. Ku dai ɗauki ɗayar." Ya gyara hula ya ce wa wayar, "Yi haƙuri, an riga ka. Allah ya ba ka wanda ya fi shi."

Ran jajibiri sai ga ɗan acaba daga Gaya da ƙullin leda. Hedimasta ne da mutanensa suka ware wa Kawu kaso guda na watanda, don godiya. Da kyakkyawar niyya suka yi. Ran Salla Inna ta dafa, don ba a mayar da kyauta, ba a kuma zubar da nama. Muka zauna a zaure, aka ajiye kwano. Kawu, wanda tun ranar Juma'a ko tsaki ban ji ya yi ba, ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya buɗe kwanon. Ya daɗe yana kallo. Sai ya mayar da murfin a hankali, ya tura mana, ya ce, "Ku ci, ku yara ne." Ya tashi ya nufi turke. Ba wanda ya ci a cikinmu, maƙwabta aka kai wa.

Ruwa ya sauka ba da daɗewa ba. Da kuɗin da Hedimasta ya biya, Kawu ya sayi wani ɗan bijimi da bai san garma ba, shi ya ja gabas, jan sa ya ja yamma, kunya ta fito a karkace. Rabin gonar da hannu muka huɗe ta. Bazazzagi ya riƙa zuwa duk Asabar, hannunsa na danna kwamfuta ya yi ƙuraje ya fashe, bai fasa ba. Amfanin shekarar bai kai na kullum ba, kowa a gidan ya ji a jikinsa. Amma a Kara, daga ranar har Kawu ya daina zuwa kasuwa, ban ƙara jin wanda ya tambaye shi wace irin sallama ba.

Yanzu wannan aikin nake ci da shi, ina haɗa saba da laburare kusan kullum, wani lokaci da mutanen da ban taɓa gani ido da ido ba. Naɗin farko yana nan a wayata. Ba na yawan kunna shi, don a bayan muryar Kawu kana jin farin sa. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, duk aikin da hannu biyu suka yi, ba ya isa kowa ya ce nawa ƙalau yake, a mahaɗa ake mutuwa. Kafin mu rubuta layi ɗaya nakan zaunar da abokin aiki in ce, mu fara shirya yadda za a ce a'a, da wanda zai faɗa, da wanda zai saurara. Eh ba ta da wuya, kowa ya iya ta. In kuka manta da a'a kuwa, akwai wanda zai biya, kuma sau da yawa mutumin da bai taɓa rubuta kod ba ne.